Barentaka: kalmar da nake ba wa alienation na Karl Marx

Jama'a masu fassara da masu rubutu da Hausa, akwai kalmar 'yan gurguzu ɗaya da har yau ba ta samu wurin zama a harshenmu ba. Jari-hujja ta zauna daram, gurguzu ya zauna, ci-da-gumi kowa ya san shi. Amma abin da ake ce wa alienation da Ingilishi, wanda masanin falsafa Bajamushe Karl Marx ya rubuta Entfremdung da Jamusanci, wato raba ma'aikaci da aikin hannunsa, kowa kame-kamensa yake yi. Ga tawa, in da gyara a yi.

Ina ganin na san dalilin wannan giɓin. Kalmomin gwagwarmayar da muka gada a Kano na jam'iyyun NEPU ne da PRP. Sanarwar Sawaba ta 1950 talakawa ta sa a gefe guda, masu riƙe da mulkin En'e a ɗaya gefen. Da Abubakar Rimi ya hau gwamna a 1979, haraji da jangali ya soke. Shi ya sa muke da wadatar kalmomin zalunci, danniya da ƙwace. Ciwon da Marx yake magana a nan kuwa ba lallai a ga bulala a cikinsa ba.

Maganar ta fi fitowa a rubutun da ya yi a Faris a 1844, yana ɗan shekara 26, wanda ba a buga shi cikakke ba sai 1932, alhali ya rasu tun 1883. Tushen kalmar shi ne fremd, wato wanda ba na gida ba. A wurin masana falsafar Jamus Hegel da Feuerbach ya same ta, shi kuma ya ja ta ya kai ta cikin masana'anta.

Ku dubi baduku a kasuwar Kurmi. Shi ya zaɓi fatar, shi ya yanka, shi ya ɗinka, kuma tun kafin ya sa wuƙa ya riga ya ga takalmin a ransa. In ya hange shi a ƙofar masallaci ranar Juma'a, zai gane ɗinkinsa ne. To ku koma wurin yaron da ke kamfanin roba a Sharada. Inji ya tofo silifas, shi kuma ya ciro, ya aske 'yar robar da ta fito a gefe, ya jefa a buhu. Haka har a canje shi. Ba shi ya zaɓi launi ba, ba shi ke ce wa injin ya yi sauri ko ya sassauta ba, kuma in yana son takalmin sai ya je kasuwa ya saya. Marx ya ce irin wannan mutum an raba shi da abin da ya ƙera, an raba shi da aikin kansa tunda ba ya jin ya dawo hayyacinsa sai an tashi, an raba shi da abin da ya sa ya zama ɗan'adam, wato ya tsara abu a zuciya sannan ya fito da shi da hannunsa. An kuma raba shi da 'yan'uwansa, don wanda ke tsaye a bakin get yana neman aiki ya zama abin tsoronsa.

Wani ɗan'uwa ya ce ai ci-da-gumi ya wadatar. Malam, ina ganin a'a. Ci-da-gumi maganar rabo ce, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Can za mu ajiye shi, wajen rarar da mai jari ke ɗauka. A rubutun 1844 ɗin Marx ya ce ko an tilasta ƙarin albashi, bai wuce an kyautata wa bawa biya ba. Ko an ninka wa yaron Sharada kuɗi, injin ne dai ke juya shi.

Wariya ta riga ta tafi da launin fata, kuma tana nuna an kore ka gefe, shi kuwa wannan yana tsakiyar aikin. Baƙunta ta yi daɗi da yawa, mu da muke cewa baƙonka annabinka. Barranta kai ke yin ta da ganin damarka. Wata Hajiya ta kawo kaɗaici, kuma na daɗe ina juya shi, sai dai kaɗaici abin da zuciya ke ji ne. A 1845 Marx da abokin rubutunsa Engels sun ce mai dukiyar ma yana cikin wannan halin, bambancin kawai shi yana jin daɗinsa. Ke nan ba a fuska ake gane shi ba.

Saura bare. Bare yana iya kwana a gidan, ya ci tuwon gidan, amma in an zo rabon gado ko shawarar aure sai a ce ya ɗan ba da wuri. Yadda muka samu abokantaka da dangantaka, haka nake cewa barentaka. Aikatau ɗinsa barentar da, sifarsa barentacce: barentaccen aiki.

Na san inda za a kama ni. Muna da barantaka, ta bara da ubangidansa, wasali ɗaya ne tsakaninsu. Kuma bai kamata su cakuɗe ba. Bara yana da ubangida da ya san sunansa, yake ciyar da shi, wataƙila ma ya yi masa aure. Ma'aikacin da Marx ya zana a juzu'in farko na littafinsa Das Kapital a 1867 'yantacce ne ta fuska biyu: ba wanda ya mallake shi, shi ma bai mallaki kayan aiki ko ɗaya ba, sai ƙarfinsa da zai sayar. Saboda haka a rubuce a sa barentaka, a rediyo kuma a ce zama bare, kunne ya huta.

Wannan ne ma ya sa kalmar ta shafi 'yanci. Mu a Hausa kishiyar ɗa shi ne bawa, in ba ka cikin bauta shi ke nan. Marx yana cewa da sauran rina a kaba. A juzu'i na uku, wanda Engels ya fitar a 1894, ya ce 'yanci na gaske yana farawa ne daga inda aikin dole ya ƙare, kuma sharaɗinsa na farko a rage awannin aiki.

Ba sai ka yi imani da gurguzu za ka buƙaci kalmar ba, balle ra'ayin Marx kan addini, wanda mu nan ba ma tare da shi. Hasali ma ana iya juya ta kan 'yan gurguzun. Gwamnati ta karɓe masana'antu a Tarayyar Sobiyet da Folan, amma a 1980 ma'aikatan ƙera jiragen ruwa na birnin Gdansk a Folan suka shiga yajin aiki a ƙarƙashin gwamnatin da ke kiran kanta ta ma'aikata.

Ku gwada ta a jimla ku ji: jari-hujja na barentar da ma'aikaci daga aikin hannunsa. In ta yi muku nauyi a baki ku faɗa. Akwai kuma ta biyu da Marx ke haɗa ta da ita, Entäusserung, mai ɗauke da ma'anar fitar da abu daga hannunka. Ita sallamawa nake tunani, amma wannan sai mun sake zama.