Tambaya ga mazauna Amurka: gangar jikin bindiga da ba a ƙarasa ba, mece ce matsayinta a doka?

Baban Sadiya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a Houston, jihar Texas, kuma ɗan yayata yana wurina, ya zo karatu da bizar ɗalibi. Ranar Asabar ya shigo gida da wani abu a cikin kwali, ya ce abokinsa na gareji ne ya ba shi. Da na buɗe sai na ga baƙar roba mai tauri, siffar mariƙin ƙaramar bindiga sak, amma babu kunama, babu bututu, wuraren da ƙusoshi za su shiga ma ba a huda su ba. Na duba ta ciki da waje ban ga lamba ko ɗaya ba. Yaron ya ce wai "kashi 80" ake ce mata, kuma doka ba ta ɗauke ta bindiga ba tunda ba a gama ta ba, kowa na iya ƙarasa ta a gida. Ni dai hankalina bai kwanta ba, don amana uwarsa ta ba ni. Na karɓe na kulle a akwati. Don Allah masu sani su yi min bayani.

Malam Na'ibi:
Wa alaikumus salam Alhaji. Labarin da yaron ya ji tsohon labari ne. Dokar tarayya ta 1968 ta ce gangar jikin, wato inda kunama da sauran kayan harbi ke zama, ita kanta bindiga ce ko ba a ɗaura mata komai ba. Shi ya sa a jikinta ake buga lamba. Kamfanoni suka ga kafa, suka riƙa sayar da wadda aka bari saura ƙiris, ba lamba, ba binciken mai saye. Irin waɗannan da 'yan sanda suka miƙa wa ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi, don a gano asalinsu sun tashi daga kimanin 1,600 a 2017 zuwa sama da 19,000 a 2021.

Sai ATF ta fitar da ƙa'ida, ta fara aiki a watan Agustan 2022: duk gangar jiki ko ƙunshin kayan da za a iya mayar da shi bindiga cikin sauƙi, to bindiga ne. Mai sayarwa sai ya yi lasisi, ya buga lamba, ya binciki mai saye, ya ajiye takardu. A nan Texas ɗin naku aka fara kai ƙara, har wani alƙali ya soke ƙa'idar, amma ranar 26 ga Maris 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da ita a shari'ar Bondi da VanDerStok, alƙalai 7 suka amince, 2 suka ƙi. Kayan Polymer80, wani kamfani da ya yi irin waɗannan gangunan, kotun ta kafa misali da su. Abin da ba ta yanke ba shi ne daidai inda iyakar take, domin curin ƙarfe da ba a sassaƙa ba ai ba bindiga ba ne.

Ƙera wa kai bindiga don amfanin kai kuwa, dokar tarayya ba ta hana ba, muddin mutum na cikin waɗanda aka yarda su riƙe makami kuma ba sana'a ya mayar da abin ba. Jihohi ne suka bambanta. Kalifoniya ta wajabta neman lamba tun 2018, New York da Maryland ma sun hana marasa lamba.

Maman Iklima:
Malam ya yi bayani, amma Yaya, ni abin da ya tsaya min a rai shi ne bizar yaron. Duk wanda ya shigo ƙasar nan da bizar ɗan lokaci, ɗalibi ko baƙo, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga ko harsashi, sai 'yan togaciya kaɗan irin mai lasisin farauta. Ba ruwanta da sayowa ya yi ko ƙerawa ya yi, ba ruwanta da sassaucin Texas. Tun 2022 hukuncin na iya kaiwa shekara 15 a gidan yari, kuma laifin bindiga na cikin abin da ake korar mutum daga ƙasar a kansa, har mai katin zama na dindindin. Abokin nasa wataƙila ɗan ƙasa ne, abin da ya halatta gare shi bai halatta ga ɗanmu ba. Yaran nan suna kallon bidiyo a YouTube su ɗauka dokar kowa ɗaya ce. Kuma ka tambaye shi a natse me ya sa yake son ta. In wani ne ke tsorata shi a makaranta ko a unguwa, gara ka sani yau.

Ɗan Maƙera:
Ni a Gusau nake, ban san dokarku ba, amma ko a nan gida ba haka kawai ake ƙera bindiga ba. Dokar makamai ta 1959 ta hana kowa ƙerawa ko gyarawa sai da izini, kuma ko bindigar toka da mafarauta ke ɗura wa albarushi ta baki, kwamishinan 'yan sanda na jiha na iya wajabta mata lasisi. Ka ce wa yaro ya riƙe karatunsa. Mu nan mun ga abin da bindiga marar rajista ta yi wa ƙauyukanmu.

Baban Sadiya:
Allah Ya saka muku da alheri. Hajiya, na zaunar da shi bayan Isha'i kamar yadda kika ce. Ashe an fasa masa gilashin mota ne a wurin ajiyar motoci na wajen aikinsa na cikin makaranta, da dare yake tashi, bai faɗa min ba don kada in damu. Daga yanzu ni zan riƙa ɗauko shi. Kwalin kuma ba zan mayar wa abokin ba, ba zan jefa a shara ba, sai na ga lauyan da ya yi min takardun zama ranar Litinin ya faɗa min yadda ake miƙa ta ba tare da sunan yaron ya shiga wata matsala ba. Malam Na'ibi, kafin nan akwai laifi in ta ci gaba da zama a kulle a ɗakina, tunda gida ɗaya muke da shi?