Zan je Italiya, amma an saka ɗanɗana giya a tsarin tafiyar

Maman Husna, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Watan Oktoba in Allah ya kai mu zan je taron kwana biyar a Siyena, yankin Tuskani. Ranar ƙarshe an shirya mana fita: da safe garin San Jiminyano, da rana wata gonar inabi a Kiyanti, a ɗanɗana giya a ci abinci. Garin kam tun da na ga hotonsa raina ya biya. Hasumiya 14 suka rage cikin 72 da attajiransa suka yi ta gasar ginawa. Ni da na tashi ina kallon Gobarau ita kaɗai, ina so in tsaya a gindinsu in ɗaga kai. Gonar ce ta tsaya mini a rai. Mota ɗaya ce, kuma ba na son waɗanda suka gayyace ni su ga kamar na raina karamcinsu. Yaya zan yi?

Baban Khalifa, Daura:
Wa alaikumus salam Hajiya. Na yi shekara biyu ina karatu a garin Feruja, can Italiya. Ki rubuto musu tun yanzu, kada ki bari sai an miƙo kofi. Da aka kai mu irin wannan gona na faɗa tun a ƙofa, sai matar mai gonar ta ja ni gefe ta gasa burodi, ta goga masa tafarnuwa, ta kwarara sabon man zaitun, kore shar, yana ɗan kartar maƙogwaro. Ƙarshen Oktoba ake fara tsinkar zaitun, ƙila ki dace.

Ni alade ya fi ba ni wahala. Naman da ake yankawa siriri a jera a faranti kusan duk nasa ne, akwai kuma miyar aladen daji da suke zubawa a taliya. Ki riƙa tambaya. Cukun tumaki na garin Fiyenza da miyar wake da burodi sun rufa mini asiri.

In da sauran kwana ki je garin Orbiyeto. Akwai rijiyar da aka fara haƙawa a 1527, matakala 248, hanyar sauka daban ta hawa daban, don alfadarai masu ɗebo ruwa kada su yi karo. Ina can ƙasa wallahi Kusugu ce ta faɗo mini a rai.

Abu Sumayya, Rafindaɗi:
Hajiya, ni dai ban ba ki shawarar zuwa gonar ba. Akwai hadisin da ya hana zama a teburin da ake zagayawa da giya, ko mutum bai sha ba. Ki yi zamanki a garin, akwai motar haya da ke komawa Siyena.

Anti Bilki, Sabuwar Unguwa:
Ki tafi da takalmi shafaffe. Titunan San Jiminyano na dutse ne, hawa da gangara, kuma a bayan ganuwa ake ajiye mota. Ni ƙafata sai da ta yi bororo.

Maman Husna:
Na gode, Allah ya bar zumunci. Malam, maganarka ta zauna mini. Na tura musu saƙo ɗazu cewa a bar ni a San Jiminyano, zan koma da kaina. Baban Khalifa, man zaitun ɗin fa, ana samun sabo a shagunan cikin gari? Ina so in kawo wa Inna.