Shawarwarin masu harbin nesa kan haɗa harsashi

Masu gasar harbin yadi 1,000 a Amurka, da harsashi irin .308 Winchester ko 6.5 Creedmoor, bakinsu ya zo ɗaya a wata tattaunawa da suka yi kan yadda mutum zai haɗa harsashinsa da kansa: kowane harsashi ya fito tamkar ɗan'uwansa. Kwanso (mazubin ƙarfen da ake ɗura albarushi a ciki) na kamfani guda, albarushi daga gwangwani guda, awo a kan ma'auni mai kyau.

Inda suka fi jan kunne shi ne yawan albarushi. Kada a karɓi adadi daga bakin wani. A bi littafin awo na kamfanoni irin su Hornady ko Sierra, a fara daga ƙasa, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Da zarar sakatar bindiga ta yi tauri wajen buɗewa, ko hular gindin kwanso ta baje, matsi ya yi yawa, a dakata nan take. Ido da yatsu ake karewa.

Sun saɓa a kan zurfin da za a cusa kan harsashin a cikin kwanso, da yadda za a gwada shi. Ni dai na fi gamsuwa da masu cewa harbi uku ba ya tabbatar da komai: a harba goma ko fiye, a auna gudunsu da na'ura, a rubuta har da zafin ranar, domin zafi na sauya gudu.