Kaimi ne ke tada doki sukuwa, ko zaman mahayi?

Mai Akawal: Jama'a, na ji ana cewa a ajiye kaimi. Ni tun da nake hawa ban ga dokin da ya bar sassarfa ya kama sukuwa ba sai ya ji ƙarfe a haƙarƙari. Doki ba ya jin lallami.

Dattijon Barga: Ɗana, kai ka kashe wa naka ji. Dabbar da ƙuda zai sauka a jikinta ta girgiza fatar wurin, ita ce ba za ta ji ƙwaurinka ba? Ka zauna daram cikin sirdi, ka matsa da ƙafa biyu, ka sassauta linzami. Da ya amsa, ka saki nan take. Da sakin nan yake gane ya yi daidai. Mai matsa ba saki, doki daina saurarensa yake yi.

Mai Akawal: Baba, a gafarce ni, wannan sai wajen kilisar la'asar. Ranar Hawan Daushe fa, a Ƙofar Kudu ta fadar Sarkin Kano, ga bindiga ga algaita ga jama'a? Wane doki zai ji ƙwauri a nan?

Ɗan Polo: Wanda aka hora tun a gida. Sassarfa taku biyu ce, ƙafar gaba ta dama tana sauka tare da ta baya ta hagu. Ƙaramar sukuwa taku uku ce, kuma daga ƙafar baya take tashi. Idan kana zagayawa hagu, bar ƙafarka ta hagu a kan majayi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi, ka ja ta dama baya kaɗan ka taɓa shi. Ka gaya masa ƙafar da zai fara da ita ke nan. Sukar kaimi ta kowane gefe gudu kawai take sa shi.

Dattijon Barga: Abin da ya fi ci mini rai ma hannu ne. Linzaminmu mai zobe yana da zafi ƙwarai. Sai ka ga yaro ya soka kaimi, ya kuma finciki linzami, ya ce tafi da tsaya lokaci guda. Doki ya yi tabariya a ce mugu ne, alhali bakinsa jini yake. Wallahi na sha wanke irin wannan baki da ruwan gishiri.

Mai Akawal: Wannan kam na gani da idona. Zan gwada gobe, amma kaimi ba zan cire ba, Baba.

Dattijon Barga: Bar shi a ƙafarka. Ƙwauri dai za ka fara sa masa, sai ya ƙi sau biyu sannan ka taɓa shi da ƙarfen, taɓawa ba suka ba.