Cikina ya hana ni cin abincin gidan surukai, har an fara yi min kallon mai girman kai

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana.

Shekarata 27, watana takwas da aure. Tun ina makaranta nake fama da ciki: murɗa a ƙasan cibiya, kumburi har siket ɗin da na sa da safe ya ƙi zugewa da yamma, ga iska ba dare ba rana. Wani satin gudawa, wani satin in yi kwana huɗu ban zaga ba. Da na samu na zaga sai ciwon ya lafa. Maganin taifod na sha ya fi sau biyar, na sha na olsa, na tsutsa, jiƙon basir kuwa jarka-jarka. Bana likitan ciki ya yi min gwajin jini da na bayan gida da hoto, komai lafiya. Ya ce IBS ne, wai hanjina ne mai saurin fushi, ba gyambo ba ƙari, in dai lura da abin da nake ci.

Na lura. Wake da albasa da madara su ne ba ma shiri. To duk Juma'a a gidan Hajiyar mijina ake haɗuwa, kuma garau-garau take yi, an zuba albasa a kai kamar ba da kuɗi aka saya ba. Ranar da na daure na cinye, sau uku na shiga banɗaki, banɗakin kuma a jikin falo yake, sai da na saki famfo don kar a ji. Juma'ar da ta wuce na yi cokali biyu na ture. Ƙanwar mijina ta ce a gaban kowa, "Amarya ko tsoro kike kar a barbaɗa miki wani abu?" Aka kwashe da dariya. Hajiya ba ta yi ba.

Biki na daina zuwa. Sallah ɗaya sai in yi mata alwala uku. Me zan ci, kuma me zan ce wa Hajiya?

Maman 'yan biyu: Allah sarki. Basir ne wannan, ko me likita zai kira shi. Ki daka tafarnuwa ki cuɗa da zuma ki riƙa lasa kafin ki karya. Ni shi ya yi min.

Anti nas: Maman 'yan biyu, ki yi haƙuri, wannan haɗin shi zai kwantar da ita. Tafarnuwa da zuma duk suna sahun gaba cikin abin da ke tayar wa mai IBS da ciki.

Ƙanwata, ga yadda abin yake. Akwai wasu nau'o'in sukari a cikin abinci da ƙaramin hanji ba ya iya tsotse su da kyau. Sai su ja ruwa zuwa cikin hanji, su wuce babban hanji, ƙwayoyin da ke zaune a can su yi ta cinsu suna fitar da iska. Kowa haka yake faruwa da shi, shi ya sa wake ke sa kowa tusa. Bambancin ki da mu, hanjinki yana jin wannan miƙewar a matsayin ciwo. Masu bincike a Jami'ar Monash ta Melbon a Ostareliya ne suka tattara waɗannan sukarin a ƙarƙashin suna ɗaya, FODMAP, suka fitar da tsarin abinci a kai.

Tsarin ba na har abada ba ne, nan mutane ke kuskure. Sati 2 zuwa 6 za ki ajiye su: albasa, tafarnuwa, wake da danginsa (ƙosai, alale, ɗanwake), fulawa da alkama (burodi, taliya, fanke), madara, zuma, mangwaro, kankana, tuffa, dabino mai yawa. Idan ciki ya kwanta sai ki riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya, kaɗan ranar farko, ki ƙara rana ta biyu da ta uku, ki huta, ki ɗauko na gaba. A ƙarshe sai ki ga biyu ko uku ne masu laifin, sauran ki ci abinki. Na ga wadda ta shekara a kan farar shinkafa da mai saboda tsoro, ta rame ta fita hayyacinta, cikin kuma bai daina ba. Idan kin yi sati shida ba canji, to ba hanyarki ba ce, ki koma wa likita, akwai magungunan murɗa da na gudawa da na taurin bayan gida.

Kuma ki daina bari a ɗora ki a kan maganin taifod daga gwajin Widal kawai. Gwajin yana yawan nuna akwai alhali babu, su kuma magungunan kashe ƙwayoyin cuta in an yawaita su suna ƙara hargitsa hanji.

Abin da ba a zama da shi a gida: jini a bayan gida, rama ba dalili, gudawar da ke tashinki daga barci, zazzaɓi, ƙarancin jini. IBS ba ya kawo waɗannan. Da kin ga ɗaya, asibiti.

Maman 'yan biyu: To ni dai na faɗi abin da ya yi min.

Uwargida a Samaru: Shekarata tara da shi, bari in yi miki maganar kicin. Tashin hankalina na farko shi ne miya ba albasa, lami kamar ta marar lafiya. Abu biyu suka cece ni. Na ɗaya lawashi: koren ganyen kawai, ki yar da farin gindin. Na biyu, ki yanka albasa da tafarnuwa manya-manya ki soya a mai har ƙamshi ya tashi, ki tsame su tas kafin ki zuba kayan miya. Abin da ke cutar da mu ruwa yake bi, ba ya bin mai. Amma fa kafin ruwa ya shiga tukunya. In kika dafa albasa a miya kika tsince daga baya, aikin banza kika yi, ya riga ya fita. Maigidana ya fi wata yana cin miyar bai gane ba.

Tuwon shinkafa, na masara, na dawa, duk suna zauna min. Miyar kuɓewa da ta alayyahu, ƙwai, kifi, nama, dankalin turawa, gyaɗa. Gwanda da abarba da lemon zaƙi. Ayaba wadda ba ta nuna luguf ba. Fura nake damawa da ruwa in ɗan ɗiga kindirmo kaɗan, shi ba ya min kamar madarar gari a shayi. Tsire da kilishi kuwa yajinsu ne matsala. Ki duba bayan kwalin sinadarin ɗanɗano ma, wasu da garin albasa a ciki.

Ki sayi littafi mai shafi 40 ki riƙa rubuta abin da kika ci da yadda kika kwana. Nawa ne ya nuna min cewa kwana biyu kafin al'ada ko ruwa na sha sai na kumbura, da kuma cewa ranar Lahadi da dare ciwon ke tashi saboda fargabar aiki. Na lura ke ma Juma'a ce ranarki. Ba garau-garau kaɗai ba ne, tsoron banɗakin nan ma yana murɗa ciki.

Amaryar bana: Ko dai an samu ƙaruwa ne ake ɓoye mana? 😄

Mai tambaya: Wallahi har awo na yi, babu. Su ma can abin da suka fara zato ke nan, da suka ga shiru sai aka koma girman kai.

Hajiya Babba: 'Yata, ni uwar miji ce, surukai huɗu gare ni, ki saurare ni. Matar nan tun safe take tsaye a kan tukunya. Ta ga kin yi cokali biyu kin ture, ba a ce mata komai ba, me kike so ta ɗauka? Shirunki ne ya ba ƙanwar mijin bakin magana.

Kuma ba ke za ki faɗa ba, kunya ba za ta bar ki ki yi bayani yadda ya kamata ba. Ɗanta ne zai je ranar da ba kowa, ya zauna ya ce, "Hajiya, likita ya hana ta wake da albasa da madara." Shi ke nan. Ba sai an ambaci iska ko banɗaki ba. Wa bai san mai ciwon suga da aka hana tuwo ba, wa bai san mai hawan jini da aka hana gishiri ba? Ke kuma ranar Juma'a ki riga kowa zuwa, ki shiga kicin ki kama mata aiki, ki ɗora 'yar tukunyar farar shinkafa a gefe. Kada ki zo da abincinki a kula daga gida, wannan kam zagi ne. Ƙanwar mijin ki bar ta, ba sa'ar yinki ba ce.

Biki ki koma zuwa. Ki ci abinki a gida, ki je ki yi Allah sanya alheri, a ba ki naki a leda ki kawo wa yaran maƙwabta.

Malama ta Islamiyya: A kan alwala. Hadisi ya inganta cewa wanda ke jin kamar wani abu ya fita a sallah kada ya yanke sai ya ji sauti ko wari. Ƙugin ciki da motsin hanji ba sa karya alwala. Idan kuma iskar fita take da gaske ba da ikonki ba, har ta cinye rabin lokaci ko fiye, malamanmu na Malikiyya sun sa shi a babin salas, wato larurar yawan fitar abu ba da ikon mutum ba, akwai rangwame. Ki faɗa wa malamin da kika yarda da shi gwargwadon yadda take zuwa miki don ya ba ki hukuncin da ya dace da ke, kada wasiwasi ya sa sallah ta zame miki abin fargaba.

Mai tambaya: Na dawo da labari. Na nuna wa maigida maganar Hajiya Babba, ya ɗan yi nauyin baki amma ranar Laraba ya je. Wai Hajiya ta yi shiru, sannan ta ce, "Shi ne wata takwas ba wanda ya faɗa min? Ni ma ai rabona da madara tun haihuwar autana." Jiya da na shiga kicin na tarar ta riga ta ware min shinkafa a ƙaramar tukunya. Sai dai miyar da ta yi min daban ta sha tafarnuwa, wai maganin ciki ce. Na ci rabi, daren jiya ban runtsa ba. Anti nas, yau nake kwana na 9 a tsarin, lissafin ya ɓaci ne in sake daga farko?

Anti nas: Bai ɓaci ba, ki ci gaba daga inda kike, kwana biyu zai lafa. Ki rubuta a littafin. Maigida kuma ya sake komawa, wannan karon ya ƙara da tafarnuwa.