Wasan kwamfuta na kakkatsewa a zafin Garwa ta Kamaru, me zan canza?

Ɗan Garwa: Salamu alaikum 'yan uwa. Furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Ryzen 5 3600 gare ni, da katin hoto (mai sarrafa hoton wasa) GTX 1660 Super, RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) 8GB sanda ɗaya. Tun shigowar Maris, da rana wasa na kakkatsewa, zafin katin har digiri 83 yake kaiwa. In sayi sabon kati ne?

Mai gyara, Marwa: Wa alaikumus salam ƙanena. Bar kuɗinka tukuna. Buɗe akwatin kwamfutar ka gani, ƙurar hunturu ce ta toshe fankoki. Hure ta, amma riƙe fanka da yatsa kada ta juya. Goge busasshen man rage zafi da ke kan furosesa, sa sabo kamar ƙwayar wake. Fankoki biyu a gaba su jawo iska, ɗaya a baya ta fitar. Kuma ɗaga akwatin daga ƙasa, don Allah.

Hajiyar Kusri: Ƙaro wata RAM 8GB irin taka, sanduna biyu sun fi ɗaya sauri, Ryzen kuwa na son haka. Ya fi kati araha nesa.

Ɗan Injamena: Malam, wutarmu fa? In ba UPS (na'ura mai batir da ke kare kwamfuta daga matsalar wuta), ranar da ta dawo da ƙarfi sai ka yi kuka. Ni dai sai bayan isha'i nake bugawa.