Komit daga cikin edita: yaya kuke yi kafin ku danna?

Ɗan Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata uku ke nan ina haɗa wa wata islamiyya a nan Katsina manhajar lissafin kuɗin makaranta, a VS Code, editan da nake rubuta lambar manhaja a ciki. Jiya na danna Ctrl+Shift+G, na rubuta saƙo, na yi komit, wato na adana canje-canjena a tarihin Git, manhajar da ke bin sawun canjin fayiloli. Edita ya tambaya ko ya kwashe duk fayilolin da suka canza, na amsa ban duba ba, na tura GitHub, shafin intanet da ake ajiye lambar manhaja. Bayan isha'i na ga fayil ɗin .env, inda ake ajiye saitunan sirri, ya bi su, da kalmar sirrin rumbun bayanai a ciki. Wallahi barci bai ɗauke ni ba. Ku da kuka daɗe a harkar, yaya kuke yi?

Malama daga Daura: Wa alaikumus salam. Ƙanena, tashi ka canza kalmar sirrin nan yanzu. Goge fayil bai wadatar ba, Git yana riƙe da tarihi, duk mai iya shiga ma'ajiyar zai koma baya ya gani. Sannan ka sa .env a cikin .gitignore, jerin fayilolin da Git zai ƙyale, ka buga `git rm --cached .env` don Git ya daina bin sawunsa, domin .gitignore ba ya hana fayil ɗin da Git ya riga ya sani. Ni ma ta taɓa ci na da makullin biyan kuɗi na wani mai shago. Tun ranar ba na barin edita ya zaɓar mini. Kowane fayil sai na buɗe, na karanta layukan ja (waɗanda aka cire) da na kore (waɗanda aka ƙara), sannan na danna alamar + don in sa shi cikin komit. Amfanin yin komit a edita ke nan a wurina: canjin yana gaban idonka, gefe da gefe.

Mai gyara a Ƙofar Ƙaura: Tawa daban ce. Na buga `git commit` ba tare da -m na rubuta saƙo ba, sai wani edita mai suna Vim ya buɗe. Na danna komai, ya ƙi fita, har na kashe kwamfutar. Daga baya wani abokin aiki ya nuna mini: Esc, sannan `:wq`. Yanzu na sa `git config --global core.editor "code --wait"`, saƙon yana buɗewa a VS Code, in rufe shafin komit ya shiga.

Ɗalibi a Batagarawa: Malama, abin da ya daɗe bai shige ni ba shi ne bambancin komit da turawa. Na zaci komit ma sai da data, don haka nakan tara aikin mako guda. Rannan aka ɗauke wuta, batir ya mutu, fayil ɗaya ya lalace, ba inda zan koma. Ashe komit a cikin kwamfutarka yake zama, turawa kaɗai ke son intanet. Yanzu ina yi sau biyar, shida a rana, in tura da dare.

Malama daga Daura: Madalla. Amma ka riƙa rubuta saƙo mai ma'ana. "Gyara" sau ashirin ba ya gaya wa kowa komai, har kai kanka bayan wata biyu.

Ɗan Ƙofar Marusa: Allah ya saka da alheri, Yaya. Na canza kalmar sirrin, na cire fayil ɗin, na kuma sanar da shugaban makarantar. Saura tsohon komit ɗin da ke GitHub. Akwai wanda ya taɓa share shi daga tarihi?